Yadda Ɗalibin Jami'a Zai Fahimci Ilimin Gado, Sauyin Halittu da Yawan Halittu

Duk ɗalibin da ya shiga sashen nazarin halittu, ko aikin gona, ko likitancin dabbobi, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, zai ci karo da darussa uku da suka saba ba mutane wahala. Na farko shi ne ilimin gado, wato yadda siffofi ke sauka daga iyaye zuwa 'ya'ya. Na biyu ilimin sauyin halittu, wato yadda nau'o'in halittu ke canzawa cikin dogon zamani. Na uku kuwa ilimin yawan halittu a muhallinsu, wato abin da ke sa wata halitta ta yawaita ko ta ragu a wani wuri. Da yake galibi malamai daban-daban ne ke koyar da su, kuma a zangon karatu daban-daban, sai ɗalibi ya ɗauka babu abin da ya haɗa su, ya haddace takardun lakca na kowanne, ya zuba su a jarrabawa, ya manta da su kafin hutu ya ƙare. A ganina nan ne asarar take, domin darussan nan uku ilimi ɗaya ne da aka yanka gida uku don sauƙin koyarwa, kuma abin da ke ɗaure su shi ne ƙidaya. Wanda ya yarda ya riƙe biro da takarda ya yi lissafi da hannunsa zai ga ukun sun buɗe masa tare, wanda kuwa ya dogara da hadda zai sha wahala sau uku.

Ku fara da gado, ko da jadawalin makaranta ya fara da wani abu dabam. A cikin gadon kuma kada ku yi gaggawar zuwa ga sunayen cututtuka da dokokin da ake haddacewa kafin ku ga yadda ƙwayar halitta ke rabuwa. Mutum yana da kuromosom 46, wato zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar halitta, a jere biyu-biyu har 23, rabi daga uwa rabi daga uba. Akwai rabuwa iri biyu: maitosis, wadda jiki ke girma da ita, inda kowace sabuwar ƙwaya ke samun cikakken adadin kuromosom, da mayosis, wadda ke samar da maniyyi da ƙwan mace, inda adadin ke komawa rabi. Ku ɗauki biro mai launi biyu, ja da shuɗi, ku zana ƙwaya mai kuromosom huɗu kacal, biyu ja na uwa biyu shuɗi na uba, ku bi ta mataki-mataki har ta zama ƙwayoyi huɗu, kuna nuna inda ja da shuɗi suka yi musayar gutsure. Ku rufe littafi ku sake zanawa, har sai hannunku ya iya ba tare da kun tsaya tunani ba. Dokokin gado biyu na Mendel, masanin da za mu zo kansa nan gaba, ta rabuwar ƙwayoyin gado da ta rarrabuwarsu ba tare da ɗaya ta bi ɗaya ba, duk suna cikin wannan zane, kuma wanda ya iya shi ba ya bukatar haddace su.

Maitosis kuwa ana iya ganinta da ido ta maikuroskof, kuma kayan aikin ba su fi ƙarfin kowa ba a ƙasar albasa irin tamu. A ɗora kan albasa a bakin kofi mai ruwa yadda gindinta zai taɓa ruwan, cikin 'yan kwanaki za ta fitar da farare saiwoyi. A yanke ƙarshen saiwar, ɗan abin da bai wuce milimita biyu ko uku ba, a jiƙa shi cikin asid mai rauni don ya yi laushi, a rina shi da rinin da ma'aikacin ɗakin gwaji zai bayar, sannan a danne shi a hankali tsakanin gilasai biyu. Albasa tana da kuromosom 16, manya ne kuma suna fitowa fili, za ku gan su a jere a tsakiyar ƙwaya ko suna janyewa zuwa gefe biyu. Ku roƙi ma'aikacin ɗakin gwaji ya bar ku ku maimaita bayan an tashi daga darasi, domin a ranar firaktikal, inda ɗalibai da yawa ke layi a kan maikuroskof ɗaya, ba kowa ke samun damar dubawa da kyau ba.

Daga nan sai Mendel. Gregor Mendel malamin coci ne a garin Brno, wanda yake cikin ƙasar Cek a yau, ya shafe shekaru daga 1856 zuwa 1863 yana haɗa auren tsirran wani irin wake, ya wallafa sakamakonsa a 1866, ba a kuma gane darajarsa ba sai a 1900. Kowane makiyayi ya san ɗa yana kama da iyayensa tun kafin Mendel, shi ya sa ake cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da Mendel ya ƙara shi ne ya ƙirga. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajensa ya samu ƙwayoyin wake 5,474 masu santsi da 1,850 masu tamoji, jimla 7,324. Ku yi amfani da waɗannan alƙaluma ku koyi gwajin kai-sukwaya, wato lissafin da ke auna nisan abin da aka ƙirga daga abin da ake sa rai, tun yanzu. Idan rabon uku da ɗaya da Mendel ya ce ana samu gaskiya ne, ana sa ran samun 5,493 da 1,831, ke nan bambancin 19 ne a kowane ɓangare. Ku ninka 19 da kansa, ku samu 361, ku raba shi da kowane adadin da ake sa rai, ku tara, za ku samu kusan 0.26. Wannan ya gaza 3.84, iyakar da teburin kai-sukwaya ke bayarwa idan rukuni biyu ne ake gwadawa, don haka bambancin bai wuce abin da dace kawai zai iya kawowa ba. Wannan lissafi ɗaya zai sake zuwa muku a darasin muhalli da kuma lokacin rubuta furojet, saboda haka gara ku saba da shi a nan inda yake da sauƙi.

Misalin da ya fi dacewa ku riƙe har ƙarshen karatunku shi ne amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, domin babu unguwar da ba ta san shi ba, kuma shi kaɗai ya ratsa darussan uku. Tushensa canjin harafi ɗaya ne a cikin DNA, sinadarin da saƙon gado ke rubuce a cikinsa, a ƙwayar gadon da ke kan kuromosom na 11, inda GAG ya koma GTG, sai tubali na shida na sarƙar himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, ya sauya daga gulutamik asid zuwa balin. Wannan ɗan canji ne ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, su toshe ƙananan jijiyoyi, su jawo ciwon da iyaye ke kwana a asibiti saboda shi. Kowace ƙwayar gado tana iya zuwa da siga fiye da ɗaya, kowace siga ana kiranta alil, kuma a nan muna da alil A, na lafiya, da alil S, na sikila. Ku zana akwati mai gida huɗu na auren AS da AS, za ku ga gida ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Kuskuren da ya yaɗu, har a bakin wasu da suka ci jarrabawa, shi ne cewa a cikin 'ya'ya huɗu dole ɗaya ne zai zama SS. Ba haka ba ne. Kowane ciki yana da nasa rabon na kashi 25 cikin 100, ba ruwansa da wanda ya gabace shi. Yiwuwar ma'aurata irin waɗannan su haifi 'ya'ya huɗu babu SS ko ɗaya ita ce uku bisa huɗu a jera shi sau huɗu a ninka da juna, wato 81 bisa 256, kusan kashi 32 cikin 100, kuma yana yiwuwa huɗun duka su zama SS. Ku fahimci wannan da kyau, domin yanzu da iyalai da yawa ke neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure, ku za a riƙa tambaya a gida, kuma amsar da kuka bayar tana iya shafar rayuwar mutane. Ku tuna kuma akwai alil C a Afirka ta Yamma, kuma mai SC shi ma yana fama da nau'in cutar.

Gadar da ke kai ɗalibi daga gado zuwa sauyin halittu ita ce dokar Hardy da Weinberg, wadda masanin lissafi ɗan Ingila da likita ɗan Jamus suka fitar kowa da kansa a 1908. A nan ake daina kallon gida ɗaya a koma kallon al'umma gaba ɗaya. Idan p shi ne yawan alil A a cikin al'umma, q kuma yawan alil S, to p da q sun haɗu sun zama 1, kuma rabon AA da AS da SS a jarirai zai zama p², 2pq da q². Ku gwada da alƙaluman Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kusan 20 cikin kowane 1,000 da ake haifa a ƙasar nan suna zuwa da cutar, wato kusan yara 150,000 a shekara. Ke nan q² ya zama 0.02, q ya zama kusan 0.141, p kuma 0.859. Idan kuka lissafa 2pq za ku samu kusan 0.24, wato kashi 24 cikin 100 na mutane AS ne, kuma wannan shi ne adadin da hukumar ta bayar na masu ɗauke da alil ɗin. Ranar da ɗalibi ya yi wannan lissafi da hannunsa ya ga ya faɗa daidai kan abin da aka auna a asibitoci, ranar ce yake daina ganin dokar a matsayin wasu haruffa da aka tilasta masa. Abin lura shi ne a yi amfani da adadin jarirai, ba na manya ba, domin masu SS da yawa ba sa kaiwa girma, kuma ƙidayar manya za ta ba da amsar da ta gaza gaskiya.

Dokar tana da sharuɗɗa biyar: babu sabon canji a ƙwayoyin gado, babu shiga ko fita daga al'umma, al'ummar tana da girma ƙwarai, aure ba ya bin zaɓi, kuma babu wata siga da ta fi wata tsira da haihuwa. Babu al'ummar da ta cika su duka, kuma amfanin dokar ke nan. Ku ɗauki kowane sharaɗi ku tambayi kanku me zai faru idan aka karya shi, amsoshin da za ku samu su ne kusan dukan darasin sauyin halittu. Auren zumunci, wanda muka saba da shi, misali ne mai kyau na karya sharaɗin aure. Shi kaɗai ba ya ƙara yawan alil S a cikin al'umma, abin da yake yi shi ne ƙara yiwuwar alil iri ɗaya daga kaka ɗaya su haɗu a jikin jika. Ga ɗan da 'ya'yan wa da ƙane suka haifa, wannan yiwuwa ɗaya bisa 16 ce a kowace ƙwayar gado. Malamai suna son tambayar wannan bambanci tsakanin yawan alil da rabon jinotayif, wato AA da AS da SS, kuma ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa.

Sai tambayar da ya kamata ta dami duk mai tunani: idan alil S yana kashe masu ɗauke da shi biyu, me ya hana shi ƙarewa tun ɗaruruwan shekaru? A 1954 Anthony Allison ya nuna, daga binciken da ya yi a Afirka ta Gabas, cewa yara masu AS sun fi masu AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ke nan a ƙasar da sauro ya yi yawa, AA yana asara ta hanyar maleriya, SS yana asara ta hanyar sikila, AS ne ke tsaka yana riƙe alil biyun. Akwai lissafi mai sauƙi da ke nuna inda abin zai tsaya: idan s ita ce asarar AA, t kuma asarar SS, yawan alil S zai daidaita a kan s a raba da jimlar s da t. Ku ɗauka, don gwaji kawai, cewa s 0.15 ce, t kuma 1, za ku samu kusan 0.13, kusa da abin da muka lissafa ɗazu. A wannan ɗan sakin layi ƙwayar gado da zaɓin yanayi (wato yadda muhalli ke sa wata siga ta fi wata tsira da haihuwa) da yawan sauro a damina duk sun haɗu, kuma duk amsar jarrabawar da ta nuna wannan haɗuwa ta fi wadda ta jera ma'anoni.

Ma'anar sauyin halittu da za ku riƙe ita ce canjin yawan alil a cikin al'umma daga zuriya zuwa zuriya. Al'umma ce ke sauyawa, ba ɗaiɗaikun halittu ba. Idan mutane suka ce sauro ya saba da magani, suna nufin kamar kowane sauro ne ya koyi jurewa, kuma ɗalibai sukan rubuta haka a jarrabawa su rasa maki. Abin da ke faruwa shi ne tun kafin a fesa maganin akwai 'yan tsirarun sauro masu alil ɗin da ke kare su, magani ya kashe sauran, su suka rage suka hayayyafa. Haka ya faru da kulorokwin, wanda iyayenmu suka dogara da shi shekaru da yawa, har ƙwayar cutar maleriya mai jure masa ta yaɗu, Nijeriya ta koma kan magungunan haɗi masu atemisinin a 2005. Abin da ya faru a Malawi ya ƙara fayyace batun: sun janye kulorokwin a 1993, kuma cikin shekaru kusan goma ƙwayoyin da maganin ke iya kashewa suka sake rinjaye, domin jurewa tana da nata farashi idan babu maganin. Charles Darwin, wanda littafinsa ya fito a 1859, ya fara hujjarsa ne da zaɓin da masu kiwo ke yi, kuma mu ba mu rasa misalinsa ba. Jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, da saniyar Gudali, da tunkiyar Uda mai gaba mai duhu da baya fari, duk sakamakon zaɓin da makiyaya suka yi ne zuriya bayan zuriya na wanda za a bari ya yi barbara. Akwai kuma juyin lamarin, inda kiwo ya zaɓi mutane: Fulani makiyaya suna cikin al'ummomin da yawancin manyansu ke iya narkar da sukarin madara, abin da manya a al'ummomi da dama na duniya ba sa iyawa.

Ɓangaren da ya fi wuyar shiga kai shi ne sauyin da dace kawai ke kawowa a ƙaramar al'umma, ba tare da wata siga ta fi wata amfani ba. Karatu ba ya koyar da shi kamar yadda gwaji ke yi. Ku zuba farin wake 10 da jan wake 10 a kwano. Ku rufe ido ku ɗauki ɗaya, ku rubuta launinsa, ku mayar da shi, ku maimaita har sau 20. Abin da kuka rubuta shi ne sabuwar zuriya, sai ku gyara kwanon ya dace da shi, misali fari 12 ja 8, ku sake zagayowa. Idan kuka ci gaba, wata rana launi ɗaya zai ɓace gaba ɗaya alhali babu abin da ya fifita ɗayan. Ku sa abokan karatunku su yi nasu, ku kwatanta, za ku ga kwanon wani ya ƙare da fari, na wani da ja. Sannan ku sake da wake 100, ku ga yadda rabon ke daɗewa bai yi nisa da rabi da rabi ba.

Game da shaidar duwatsu, ɗalibin Sakkwato yana da gatan da ɗalibai da yawa ba su da shi, kuma abin takaici ne a kammala digiri ba a sani ba. Fiye da shekaru miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku ya rufe wannan yanki, ya bar shimfiɗun duwatsun da masana suka raɗa wa sunayen garuruwanmu, irin su Dukamaje, Dange da Kalambaina. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita cike take da ɓawon halittun teku, kuma a shimfiɗar Dukamaje aka tono ƙasusuwan wani katon ƙadangaren teku da aka sa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo, da wani kada mai suna Sokotosuchus. Idan sashenku ko sashen ilimin duwatsu ya shirya fita daji, kada ku bari ta wuce ku. Ku tafi da littafin rubutu, ku zana shimfiɗun daga ƙasa zuwa sama, ku rubuta abin da kuka gani a kowace, domin tsarin da ke cewa ta ƙasa ta girmi ta sama a nan ake gane shi.

Na san akwai ɗaliban da zuciyarsu ba ta kwanta da wannan darasi ba saboda addini, har wasu su ƙi karanta shi gaba ɗaya, kuma damuwarsu ba abin rainawa ba ce. Shawarata ita ce ku rarrabe abubuwa. Mafi yawan abin da ke cikin darasin, daga sauro zuwa sikila zuwa kiwon dabbobi, abu ne da ake gani ana aunawa, kuma likita ko malamin gona da bai fahimce shi ba zai cutar da mutanen da ya zo yi wa aiki. Jarrabawa ba ta tambayar abin da kuka yi imani da shi, tana tambayar abin da masana suka faɗa da hujjar da suka kawo, kuma amana ce ku faɗe shi daidai. Misali, masana ba su ce mutum ya fito daga birin da muke gani yau ba, cewa suka yi akwai kakan da suka yi tarayya a kansa. Batun asalin ɗan Adam kuwa ku kai shi gaban malaman addini masu zurfin sani, ku je musu da ainihin abin da ilimin ya faɗa, ba abin da ake yaɗawa a majalisa ba.

Darasi na uku yana amsa tambayar da na biyu ya bari: daga ina matsin da ke yin zaɓin yake fitowa? Amsar ita ce kowace halitta tana haihuwa fiye da abin da muhalli zai iya ɗauka, tunanin da Darwin ya samo daga rubutun Thomas Malthus na 1798. Ƙwayar bakteriya ɗaya mai rabuwa duk minti 20 za ta haura miliyan biyu cikin awa bakwai idan babu abin da ya tare ta. Pierre Verhulst ya sa wa wannan birki a 1838 da lissafin da ke cewa saurin ƙaruwa shi ne rN(1 − N/K), inda N yake adadin halittar, r ƙarfin hayayyafarta, K kuma iyakar abin da wurin zai iya ciyarwa. Kada ku haddace shi, ku sa masa lambobi. Ku ɗauki K a matsayin 1,000, r kuma 0.5, ku lissafa ƙaruwar idan N 100 ne, sannan 500, sannan 900, za ku samu 45, 125 da 45. Ƙaruwa ta fi sauri a rabin K, kuma a kan wannan ne ake gina shawarar yawan kifin da za a iya kamawa a wuri irin madatsar ruwa ta Goronyo ba tare da an ƙarar da shi ba. Ku kuma lura cewa a ƙasarmu K ba ya tsayawa wuri ɗaya. Makiyayar da ke ɗaukar garke mai yawa a watan Agusta ba ta ɗaukar rabinsa a watan Afrilu, kuma tafiyar da makiyaya ke yi zuwa fadama ko kudu da rani amsa ce ga wannan.

Tsuntsun jan baki, da ke sauka kan gero da shinkafa kamar hadari, ya cancanci ku karanta shi sosai. Ana ƙiyasta cewa ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya, abincinsa na asali ƙwayar ciyawa ce, yana bin ruwan sama yana yin sheƙa a gungu-gungu. An daɗe ana fesa masa guba daga jirgin sama ana kashe miliyoyi, amma yawansa bai ragu ba a tsawon lokaci, domin yawancin waɗanda aka kashe dama yunwar ƙarshen rani za ta kashe su, kuma ragowar sun sami abinci mai yalwa. Idan kun iya bayyana wannan da kalmominku, kun fahimci bambancin abubuwan da ke kisa gwargwadon cunkoso, kamar yunwa da cuta, da waɗanda ba ruwansu da cunkoso, kamar ambaliya ko gobarar daji.

Ƙidayar halittu a fili tana da dabaru biyu da dole ku iya. Ga tsirrai, ana ajiye firam mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya a wuraren da aka zaɓa da ƙuri'a, ba inda ido ya so ba, a ƙirga abin da ke ciki. Ga dabbobi masu motsi, ana kama wasu a yi musu alama a sake su, bayan sun gauraya a sake kamawa. Idan kun yi wa 60 alama, a karo na biyu kuka kama 50, 12 daga ciki masu alama ne, to ƙiyasin shi ne 60 sau 50 a raba da 12, wato 250. Ku fara gwadawa da mudun wake da tawada kafin ku fita daji, sannan ku ƙirga waken duka ku ga nisan ƙiyasinku da gaskiya, kuma ku riƙa tambayar abin da zai ɓata lissafin, kamar alamar da ta goge ko wadda ta sa maƙiyi ya fi ganin dabbar.

Ga mai neman furojet mai araha da ma'ana, ƙwaron wake ya fi komai sauƙi. A zuba wake mai nauyi ɗaya a kwalabe da yawa, a sa ƙwari kaɗan a wasu, masu yawa a wasu, a rufe baki da ƙyalle mai shan iska a ɗaure da roba. Macen tana manna ƙwai a jikin waken, ana ganinsu kamar ɗigon fari, tsutsar ta huda ta shiga, bayan mako uku zuwa huɗu a lokacin zafi babban ƙwaro ya fito ya bar rami zagayayye. A riƙa tankaɗe waken duk mako ana ƙirga rayayyu da matattu, a zana jadawali, za a ga layin ya hau ya lanƙwasa yadda Verhulst ya faɗa, daga baya ya faɗo idan waken ya ƙare, tun da ba a ƙara abinci. Mai son gwajin gado da ƙudan 'ya'yan itace, wanda Thomas Morgan ya yi aiki da shi a Amurka a farkon ƙarni na 20, zai iya tara shi da ruɓaɓɓiyar ayaba, amma ya tsara aikin ya faɗo lokacin hunturu, domin zafin da ya haura digiri 30 yana hana mazan haihuwa, kuma zafin Sakkwato a watan Afrilu yana wuce 40. Duk aikin da ya shafi jinin mutane ko bayanan marasa lafiya kuwa, kada a taɓa shi sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar mutanen da kansu.

Game da tsarin karatu na yau da kullum, ku haɗa ƙungiya ƙarama ta mutum uku ko huɗu, kowa ya warware tambayoyin shi kaɗai kafin a zauna, domin kallon wani yana lissafi yana sa mutum ya ɗauka ya iya alhali bai iya ba. Ku bayyana wa juna darasin da Hausa har ya zauna, sannan ku rubuta amsar da Turanci yadda za a tambaye ku. Takardun lakca taƙaitawa ce, ba su isa ba. Akwai cikakken littafin nazarin halittu na OpenStax, wanda Jami'ar Rice ta Amurka ke bayarwa kyauta a intanet, ana iya sauke shi a waya sau ɗaya a riƙa karantawa ba tare da data ba, kuma ƙarshen kowane babi yana da tambayoyi. Ku nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya tun makon farko na zango, ku ware masu lissafi, ku riƙa yin biyu ko uku kowace rana bayan sallar asuba ko duk lokacin da kanku ya fi sakewa. A zauren jarrabawa kuma ku rubuta ma'anar kowane harafi da kuka yi amfani da shi, ku nuna kowane mataki, ku faɗi sharaɗin da kuka ɗauka, domin malami yana ba da maki a kan hanyar da aka bi ko da lambar ƙarshe ta kuskure.